'Yar Magaryar Bango

Abin da na fara gani da muka iso gidan da ke unguwar Al Asmakh shi ne wata bishiya da ba ta kai tsawon hannuna ba. A hanya daga filin jirgi Abba ya yi ta nuna mana dogayen benaye, yana cewa can ne West Bay, can yake kai ma'aikatan kamfaninsu kowace safiya, amma barci nake ji, ban riƙe komai ba. Sai da muka shiga tsakar gida, Umma tana duba jakunkuna, na hango ta a bakin wata taga, a cikin wani kasko mai faɗi marar zurfi. Gindinta a murɗe yake, ɓawonta a tsattsage kamar na tsohuwar bishiya, rassanta duk sun karkata gefe guda kamar iska ta daɗe tana tura su. Duk abin da babbar bishiya take da shi tana da shi, girman ne kawai babu.

Gidan tsoho ne, an rarraba shi da katako. Mu muna da ɗaki da ɗan falo. A bakin ƙofa akwai ɗakunan maza masu aikin gadi, cikinsu har da wani dattijo Basakkwace da kowa ke kira Baba, wanda ya riga kowa zuwa ƙasar, kuma shi ake kai wa ƙara idan an yi rigima a kan layin banɗaki ko igiyar shanya. Tagar da bishiyar take ta wata mata ce 'yar Zangon Kumasi, tana aikin shara da goge-goge a ɗaya daga cikin benayen West Bay. Umma ta ce in riƙa kiran ta Anti.

Ni ba mai magana ba ce. A gida ma sai a manta ina ɗaki. Umma ba ta kiran sunana saboda ni ce 'yar fari, sai dai ta ce "ke" ko "'yar nan", ni kuma hakan ya yi min daidai. Saboda haka na daɗe ina kallon bishiyar daga nesa, ina yi kamar takalmina nake gyarawa. Ganyenta ba irin wanda na sani ba ne, siriri ne kamar tsinken tsintsiya, a cunkushe. Akwai jar waya da aka nannaɗe a jikin reshe ɗaya. Wata rana na ga ba kowa, na matsa na murza ganyen da yatsa na shinshina. Ƙamshin fensir ne da aka feƙe yanzu-yanzu.

"Ba ta cizo," in ji wata murya daga cikin ɗakin.

Na kusa faɗuwa. Anti ta leƙo tana ɗaura ɗankwali.

"Kullum ina ganin ki kina ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Zo nan, 'yata. Tambayi abin da kike son tambaya."

Ban tambaya ba, amma ta ba ni amsa. Ta ce sunan irin wannan renon bonsai. Wani tsohon injiniya ne mai ita, a ofishin da take sharewa. Da zai koma ƙasarsu aka ce ba a shiga jirgi da ƙasa, sai ya bar mata, saboda ita ce take ba ta ruwa duk lokacin da ya yi tafiya. Ya gaya mata cewa ba a gona aka shuka ta ba. A kan dutse ya samo ta, a wata ƙasa mai ƙanƙara, a cikin tsaguwar da ba ta fi tafin hannu ba. Iska da yunwa ne suka hana ta girma, ta tsufa a haka. Akwai mutanen da aikinsu ke nan a lokacin hutu, su hau duwatsu suna neman irin waɗannan, su haƙo su a hankali, su kawo gida su ci gaba da renon su a kasko.

Na kwana ina tunanin wannan. A garinmu ana shiga daji neman itacen girki ko saiwar magani ko zuma. Ban taɓa jin an shiga neman bishiyar da ta kasa girma don a yi ta kallon ta ba.

Ban daɗe da fara zuwa makaranta ba aka rufe ta saboda korona. Darasi ya koma cikin wayar Umma, malama tana magana hotonta yana tsayawa da baki a buɗe. Anti ma an dakatar da aikinsu na wani lokaci. Haka muka zama abokan zama, ita da takunkuminta a bakin ƙofarta, ni da nawa a kan ɗan benci. Ta nuna min yadda ake gane ƙasa ta bushe, a tura tsinke a zaro a taɓa shi a leɓe. Ta nuna min bokitin da take tara ruwan da ke ɗiga daga esi, na'urar sanyaya ɗaki, ta ce shi ba shi da gishiri, bishiyar ta fi son sa.

Da zafi ya shigo sosai sai muka rasa inda za mu ajiye ta. A waje rana tana dafa kaskon har ba a iya taɓa shi. A ciki kuma esi yana busar da ita, ga duhu. Anti ta yi ta yawo da ita, safe waje, rana ciki. Bishiyar tana nan kore, sai dai koren ya dusashe kamar tsohon zane. Ni na fara lura ƙamshin fensir ya tafi. Na ce mata, a hankali, "Anti, ba ta ƙamshi."

Ta kankare ɓawon da farce. Ƙarƙashinsa ruwan ƙasa ne, a bushe. Ta kankare wani wuri, haka. Ta zauna a ƙasa.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Irin wannan takan mutu ta daɗe ba ta gaya wa kowa ba. Mun yi makonni muna ba gawa ruwa." Ta yi 'yar dariya, ta share ido da gefen mayafi. "'Yar ƙasar sanyi ce, mu muka matsa mata. Da ma ta ƙasar nan muka samu, wadda ta saba da wahalar nan."

Ni kuwa na san inda wata take. A ƙarshen lungunmu akwai wani gida da aka daina zama a ciki, bangonsa na dutse da laka ya fara zubewa. A cikin filin gidan akwai babbar magarya, tsuntsaye suna cin 'ya'yanta su zo su zauna a kan bangon. Tun lokacin da nake jiran motar makaranta a wurin na ga wani ɗan tsiro a tsaguwar bangon, daidai tsayin idona. Gindinsa ya kai kaurin babban yatsa, ya fito a kwance sannan ya lanƙwasa sama. Ina ganin duk wanda ya wuce da kaya sai ya goge shi ya karya masa kai, shi kuma ya sake tohowa ta gefe.

Na yi kwanaki maganar tana bakina. Daga ƙarshe na kama gefen mayafin Anti na ja ta har wurin, na nuna da yatsa.

Ta durƙusa ta dube shi ta ƙasa, ta dube shi ta gefe. "Ke, tun yaushe kika san da wannan?"

"Tun da muka zo."

"Kika yi shiru? Allah ya shirye ki."

Ta ce ba yanzu ba, sai sanyi ya shigo, idan aka taɓa saiwa a zafi bishiya ba ta yafewa. Muka jira. Kullum idan an aike ni kanti sai in bi ta wurin in zuba masa ragowar ruwan gorata.

Bayan an yi ruwan farko muka je da safe, da cokali, da sukundireba ta Abba, da almakashi, da tsohon ɗankwali da muka jiƙa. Anti ta yi wa mai gadin filin bayani da guntun Larabcinta na yalla da shwayya. Ya dube mu, ya dubi bangon, ya ce ai bangon ma rushe shi za a yi, mu ɗauka.

Na zaci ja za mu yi ya fito. Ashe aikin haƙuri ne. Anti tana sassauta lakar da sukundireba, ni ina kwashewa da cokali. Saiwar ba ta nutse ciki ba, ta bi tsaguwar a kwance tana neman laima, har ta fi tsawon hannun Anti. A jikinta kusa da gindi akwai wasu 'yan siraran saiwoyi kamar gashi.

"Waɗannan su ne bakinta," in ji Anti. "Doguwar nan ƙafa ce kawai, ana iya yanke ta. Amma idan kika tsinke 'yan siraran, kin ɗinke mata baki."

Ƙaya ta sossoke ni a yatsu, kowane gindin ganye yana da biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Anti ta datse doguwar saiwar. Muka naɗe gindin da lakar jikinsa a jiƙaƙƙen ɗankwali, na rungumo ta zuwa gida. Muka dasa ta a kaskon waccan da ta mutu, a cikin tsakuwa da ɓaraguzan jan bulo da ƙasa kaɗan. Anti ta ce tawa ce, ni na gan ta. Ta ce ba waya, ba almakashi, ba matsar da ita daga inuwa, sai ta nuna mana ta yarda.

Abba ɗan manomi ne. Da ya dawo aiki ya tsaya a kanta, hannu a baya.

"Wannan ai kurna ce, ko da yake duk dangi ɗaya ne. To amma Hajiya, bishiya a faranti kamar tuwo? Ku ba ni ita in kai ta bayan gari ta miƙe ƙafa. Wannan zalunci ne."

Anti ta ce, "Kai ma a ɗaki guda kake da iyalinka, direba, ga ka nan da tumbinka."

"Ni ai ina fita."

"Ita ma za ta fita, da sanyi."

Washegari ya kawo busasshen kashin raƙumi a leda, ya ce ko fursuna ana ba shi abinci. Anti ta yarda aka marmasa ɗan kaɗan a gefe. Umma ta ce magarya ce, haka muka ci gaba da kiran ta.

Ganyenta duk ya zube a makonnin farko. Na riƙa kankare ɓawon da farce a ɓoye, ina ganin kore, ina mayar da numfashi. Sai wata safiya na ga wasu ɗigo-ɗigo a gindin ƙayoyin, kamar an taɓa su da bakin alƙalami. Kafin zafi ya dawo ta yi ganye masu sheƙi, kowanne da jijiya uku daga gindi zuwa baki.

A lokacin ne Abba ya kamu da korona. Aka ce ya killace kansa a gida, mu ma kada mu fita. Ya koma cikin ɗaki, ni da Umma muna falo, muna ajiye masa abinci a bakin ƙofa muna jin tarinsa ta cikin katako. Yana shan magungunan da aka ba shi. Amma wata safiya Umma ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Ke, kawo min ɗanyen ganyen magarya guda bakwai."

Na san abin da za ta yi, na sha gani a gida. A daka ganyen tsakanin duwatsu biyu, a zuba a ruwa, a yi tofi, marar lafiya ya sha ya yi wanka da sauran. A garinmu sai a aiki yaro bayan gida ya karyo reshe guda. A nan kuwa ƙofa a rufe take, magaryar da ke cikin gidan kaf ita ce tawa. Ni da kaina na tsinko, na zaɓi na ƙasa-ƙasa waɗanda suka fi tsufa. Bayan kwana biyu ta sake cewa in kawo. Ban ji haushi ba. Da ta ce in tumɓuke ta gaba ɗaya ma da na yi.

Abba ya warke. Ranar da ya fito tsakar gida ya rame, ya tsaya a gaban kaskon ya ce, "Ashe fursunan nan yana da rana."

Wannan maganar ce ta jawo. Kafin mako ya zagayo labari ya kai har unguwar Fereej Abdel Aziz cewa akwai wata 'yar magarya a gidanmu mai albarka, wadda ba ta girma, ganyenta ya tashi direba daga ciwo. Mai zazzaɓi ya aiko. Mai ciwon kai ya aiko. Wata mata ta aiko saboda ɗanta yana firgita a barci. Kowa bakwai yake so, kuma kowa ta wajen Umma yake biyowa, ita kuma sai ta ce, "Ke, je ki tsinko." Ina tsinka ina kallon rassan suna fitowa fili. Anti ta koma aiki a lokacin, tana fita da asuba ta dawo a gajiye. Ranar hutunta ta fito ta ga sanduna da ƙaya kawai a cikin kasko.

"Wa ya aske ta?"

Umma ta ce, "Haba 'yar uwa, ai ba a hana ganyen magani."

"Ba a hanawa a bishiyar da akuya ke kwana a ƙarƙashinta. Wannan ko ƙadangare ba zai samu inuwa ba. Da ganye take ci, Hajiya. Kun cinye mata abinci kun ce albarka." Ta juyo kaina. "Ke kuma kina tsaye?"

Na sunkuyar da kai. Ban san yadda ake ce wa marar lafiya a'a ba. Har yanzu ban tabbata na sani ba.

Daga ranar Anti ta mayar da kaskon bakin tagarta. Duk wanda ya zo sai ta ce ya tafi kasuwa, ana sayar da garin magarya buhu-buhu. Idan ya ce ai ta wannan ce mai albarka, sai ta ce, "Albarkar tana hutu, ka dawo baɗi." Wasu sun yi fushi. Wani ya ce mutanen Gana ba su san zumunci ba, ta ce sun sani, shi ya sa ba sa cinye maƙwabci da rai.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki a duk zamana da bishiyar. Ta sake tohowa, amma sabon ganyen bai kai rabin na da ba. Ƙanana ne kamar farcen jariri, a jere kusa da kusa, kuma inda ganye ɗaya yake a da sai ga ɗan reshe ya fito. A karon farko ta yi kama da babbar magaryar da aka hango daga nesa. Na kira Anti. Ta daɗe tana kallo, sannan ta dafa kai ta ce yanzu ta tuna, tsohon injiniyan yakan yi wa wata bishiyarsa mai faɗin ganye haka da almakashi, da gangan, ita ta zaci hauka ne irin na masu kuɗi.

"To amma shi sau ɗaya yake yi a shekara, kuma sai bishiyar tana da ƙarfi. Dubi nan."

Reshen hagu, wanda ya fi kowanne kyau, bai toho ba. Na kankare shi, ruwan ƙasa. Ta ce abin da bishiyar ta biya ke nan. Idan aka sake yi mata haka tana da rauni, ba reshe za ta bayar ba, kanta za ta bayar.

Muka bar busasshen reshen a jikinta. Da sanyi na biyu Anti ta bar ni na naɗa waya da hannuna, na lanƙwasa reshe ɗaya ƙasa kaɗan. Na koyi cire wayar kafin ta nutse a ɓawo. Aka buɗe makaranta, na koma jiran mota a ƙarshen lungu. An rushe bangon, an kewaye filin da dogon shinge na kwano, an manna masa hotunan ƙwallo, an kawo sabon mai gadi da ba ya amsa gaisuwa. Daga ƙasa ba a ganin komai. Amma idan na hau saman gidanmu shanya, ina hango kan babbar magaryar ya leƙo ta bayan shingen, tsuntsaye suna shiga suna fita.

Ana saura kaɗan a fara gasar cin kofin ƙwallon duniya a nan ƙasar, kamfanin su Anti ya ce zai kwashe ma'aikatansa zuwa wani masauki a bayan gari. Kafin ta tafi muka zare bishiyar daga kasko, domin saiwa ta cika shi har ruwa ba ya wucewa. Muka rage saiwar, muka canja ƙasa. Ganye da yawa ya zube, kamar yadda ta ce zai yi. Ta bar min almakashi da ragowar waya da bokitin esi.

"Yanzu tana jinya. Ko ganye ɗaya kada a taɓa sai zafi ya fara. Kin ji?"

Na gyaɗa kai.

"Ba kai na tambaya ba, baki. Bishiya ba ta da baki, ke ma ba ki da shi, to wa zai yi magana a gidan nan?"

"Zan yi."

"Za mu gani."

Gasar ta cika gari. Lungunmu da ba ya ganin baƙo ya koma hanyar wucewa, mutane da tutoci a kafaɗa suna neman tashar jirgin ƙasa. Abba yana fita tun safe, sai mu ji shigowarsa kawai. Anti tana aiko masa da saƙon murya ta wayar Umma, tana tambaya ko ya ga 'yan ƙwallon Najeriya a hanya ya rage musu hanya, tunda Gana ce ta hana su zuwa. Shi kuma ya ce a gaya mata saura kwana kaɗan su ma su bi sahu. Kusan kowane ɗaki a gidan ya yi baƙi daga gida. Baba dattijo ya sauki 'ya'yan ƙannensa uku, suna kwana a kan katifun masu aikin dare.

Wata rana na dawo daga kanti Umma ta ce, tana tsince shinkafa, "Baƙin Baba za su koma jibi. Sun ji labarin 'yar magaryarki, kowa yana so ya kai wa tsohuwarsa. Gobe bayan la'asar zai shigo da su."

Na dubi kaskon. Ganyen da ya rage ko na mutum biyu ba zai kai ba.

"Umma, Anti ta ce..."

"Anti ba ta nan. Kuma Baba ne. Shi ya nema wa Abbanki ɗakin nan, shi ya riƙa ajiye mana kayan miya a ƙofa lokacin da muke killace. Da wane baki zan ce masa a'a?"

Gaskiya ta faɗa. Na yi tunanin in ɓoye kaskon a ƙarƙashin gado in ce ta mutu, amma ƙarya ga Baba ta fi ƙarfina. Na yi tunanin in kira Anti, sai na tuna abin da za ta ce. Na ɗauki kwandon shanya na hau sama ko da yake ba abin da zan kwaso. Na tsaya ina kallon kan babbar magaryar ta bayan shinge. Ta yi 'ya'ya, tsuntsaye sun cika ta da hayaniya. Ɗaya ya taso da ɗa a baki, ya sauka a kan katangarmu, ya ci naman ya yar da ƙwallon a tsaguwar siminti. Na daɗe ina kallon ƙwallon nan. Sannan na lura da mai gadin filin yana zaune a kan kujerar roba a bakin shingen, kuma rigarsa irin ta Baba ce, launi ɗaya, tambari ɗaya a kafaɗa.

Washegari bayan la'asar Umma ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Baba ya shigo da baƙinsa, samari uku, ɗaya muryarsa ta dishe saboda ihun filin wasa. Aka gaisa, aka sha shayi. Umma ta ce daga bakin ƙofa, "Ke, kawo."

Na ɗauko kaskon da hannu biyu na ajiye a gaban Baba, na durƙusa na gaishe shi.

"Ikon Allah," in ji mai disasshiyar murya. "Wannan ce? Na zaci za ta kai gwiwa."

"Kai ma da aka ce ka zo kallon ƙwallo na zaci za ka dawo da murya," in ji Baba. Ya sunkuya ya dubi bishiyar, ya taɓa busasshen reshen da ɗan yatsa. "Jikata, ta rame. Ko ba ku ba ta abinci?"

Na ɗauko almakashin ma, yana hannuna. Ina jin idon Umma a bayana.

"Baba, jinya take yi. An yanke mata saiwa."

Ya ɗago kai. "A'a. Ashe kina magana? Shekara nawa muna gida ɗaya, yau na fara jin muryarki. To ci gaba, ina ji."

Na nuna masa reshen. Na ce wannan ya mutu ne lokacin da aka tsinke ganyenta duka, kuma idan aka sake yanzu ita ce za ta mutu. Na ce a bangon ƙarshen lungu muka haƙo ta, tsuntsu ne ya kai ƙwallonta can, kuma uwarta tana nan da rai a bayan shingen kwano, ana hango ta daga saman gidanmu, ganyenta ko buhu aka cika ba za ta sani ba. Ba wanda ya katse ni. Na ajiye almakashin a kan tabarma a tsakaninmu.

"Baba, mai gadin filin rigarku iri ɗaya ce. Don Allah ka yi masa magana ya buɗe mana, ni zan raka ku in nuna muku ita. Kuma ka gaya wa mutanen gidan nan da na unguwa su riƙa zuwa wajen uwar, a bar wannan ta huta har zafi ya shigo."